Katin Ƙasimu Jidda

Ƙasimu ƙanena ne, ciki ɗaya, saboda haka kada wani ya ce ni Binta na yi masa sharri. Ni na goya shi, na kuma san nauyin abin da na goya.

Sunan Jidda ya samo shi ne daga wata tafiya da ya yi da sunan Umara. Ya maƙale a can yana wankin mota, har askarawa suka yi ram da shi suka sako shi a jirgi da silifa wari ɗaya. Mu dai abin da muka gani ke nan a filin jirgi. Shi kuwa cewa yake kishin ƙasa ne ya dawo da shi. Tun daga ranar ba a isa a yi zancen komai a Gyadi-Gyadi ba, ko na tuwo ne, sai ya gyara wuyan jallabiya ya ce, "Ai a Jidda ba haka ake yi ba."

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, kowane ɗan siyasa yana neman abin da zai nuna ya ce ga romon dimokuraɗiyya. Namu, Honarabul Rabi'u, sai ya sayo wata tsohuwar kiya-kiya, aka fesa mata koren fenti, aka rubuta sunansa gaba da baya, ya ba ƙungiyar unguwa. Aikinta ta ɗauko mutane daga Kasuwar Tarauni, ta biyo ta Gyadi-Gyadi, ta sauke su a ƙofar asibitin koyarwa a kan kuɗi mai sauƙi. Direba an samu, Lawan. Saura wanda zai riƙe ragamar abin.

Ana cikin shawara Ƙasimu ya miƙe, ba wanda ya kira shi.

"Jama'a, ciwon motocin Kano guda ɗaya ne, kwandasta. Ba wanka, ba ladabi, yana reto a ƙofa yana zagin iyayen mutane a kan canji. A Jidda babu kwandasta. Kati ne. Ka saya sau ɗaya a wata, ka shiga, ka nuna, ka zauna kamar mutum. Ku ba ni motar nan, kafin wata ya mutu ta haifi ta biyu."

Lawan ya ce, "To wa zai riƙe ƙofa? Ƙofar nan fa in ba a riƙe ta ba, tafiyarta daban take yi."

"Ni zan tsaya a ƙofa. Amma ba kwandasta ba. Manaja."

Honarabul ya ji kalmar kati ta yi masa daɗi a kunne, irin abin da za a faɗa a rediyo. Ya ce, "Na ba ka riƙo. Ƙarshen wata zan zo da 'yan jarida a yi bikin ƙaddamarwa. In na tarar motar tana shan mai da guminta, makulli naka ne, da albashi. In ba haka ba, na ba wani."

Ku kuma san cewa ba makulli kaɗai Ƙasimu yake bi ba. Akwai Huraira, nas ce a asibitin, bazawara, mace mai hankali da natsuwa, wadda har yau ban gano abin da ta hango a jikinsa ba. Ita ta yarda. Mahaifinta ne, Malam Ya'u, tsohon hedimasta, ya ce shi ba ya ba da 'ya ga mai labari, a kawo masa sana'a ya gani da idonsa. Saboda haka makullin nan shi ne auren, in ya kuɓuce auren ya bi shi.

Aka bugo kati. Wayyo kati! Hoton Ƙasimu ne ya cinye rabinsa, ya yafa jan ƙyallen nan na Larabawa a ka, yana kallon nesa. Rubutun kuwa sai ka kanne ido kafin ka karanta. Ni ya tilasta min na saya, don kullum da safe nake kai shinkafa da wake ƙofar asibiti. Wasu nas-nas suka saya don kunyar Huraira. Sai Baba Tanko, tsohon masinja da ya yi ritaya, wanda ba shi da aikin fari ba shi da na baƙi sai zaman dakali. Wanda ba shi da kati kuma, an rataye gwangwanin madara a bakin ƙofa, ya jefa kuɗinsa a ciki.

To ga abin da Ƙasimu ya manta a Jidda. A garin nan, in ka shiga mota ka tarar da babban da kake jin nauyinsa, ba ka barin hannunsa ya kai aljihu. Kafin ya motsa ka ce, "Kwandasta, kar ka karɓi na Baba, na biya." Ƙarami ke biya wa babba. Mai neman aure kuwa, ko da kuɗin abincinsa ne, shi ke biya wa uban yarinya. Ranar da ka ga uban yarinya ya biya wa mai neman 'yarsa, ba sai an aiko da saƙo ba. Ya mayar da shi yaron unguwa ke nan, maganar aure ta mutu.

Safiyar farko Manaja ya fito da farar jallabiya da usur a wuya. Hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya yana nuna sama.

"Ba sani, ba sabo! Kati ko gwangwani!"

Na nuna katina zan shige da kulolina, sai ya tare ni da gwiwa.

"Yaya, katinki na jikinki ne, bai haɗa da kula ba."

"Ƙasimu, kular da ka sa hannu a cikinta jiya har wuyan hannu?"

"Jiya ƙaninki ne ya ci. Yau Manaja ke magana."

Na jefa a gwangwani ina haɗiye abin da ke bakina. Ban san Allah zai rama min tun kafin shinkafata ta huce ba.

Muna isowa Gyadi-Gyadi sai ga Malam Ya'u a bakin titi da sandarsa, zai je awon hawan jini. Lawan ya tsaya. Malam ya shigo da sallama, ya zauna, ya fara laluben aljihu a hankali irin na tsofaffi. Kowa ya zuba ido, don ba wanda bai san zancen Huraira ba. Na dubi ƙanena, gumi ya keto masa. In ya bar suruki ya jefa kuɗi a gwangwani, ya zubar da mutuncinsa. In ya ce a bar shi, ga ni zaune ina kallonsa da kulolin da ya caje ni. Ya sa hannu a nasa aljihun ya biya kamar kowa kuwa, ina! Ai wannan sai ya zama irin na mutanen Kano.

Sai ya zaro nasa katin ya ɗaga sama.

"Na biya wa Baba!"

Na ce, "Da me?"

"Da kati."

"Au, kati yana biya wa wani?"

"Yaya, rashin fita waje ciwo ne. A Jidda, kati yana biya wa duk wanda mai katin yake jin nauyinsa. Doka ce."

Malam Ya'u ya janye hannu ya ce, "Allah ya yi albarka." Daga bayan direba sai Baba Tanko ya karkato da hula.

"Manaja, maimaita min, kunnen nan ya tsufa."

Ƙasimu ya maimaita, da ƙarfi, har ya leƙa taga don masu shayi su ji.

Tsayawa ta gaba wata tsohuwa ta shigo. Kafin ta kwance bakin zane Baba Tanko ya ɗaga kati. "Na biya wa Inna." Sai mai kayan miya. "Na biya wa Malam." Sai wasu ɗalibai da fararen riguna a kafaɗa. "Na biya wa likitoci."

Ƙasimu ya busa usur. "Baba Tanko, wannan da ko gemu bai tsiro masa ba, nauyin me kake ji nasa?"

"Gobe shi zai riƙe wuƙa a kan cikina. In ban ji nauyinsa ba, na wa zan ji?"

"Wancan fa?"

"Kakansa ya taɓa ara min keke."

"Wannan matar ko sunanta ba ka sani ba!"

"Shi ya sa. Baƙuwa ce. So kake ta koma garinsu ta ce mutanen Tarauni ba su da kara?"

Daga ranar Baba Tanko ya bar dakali ya tare a mota. Ba ya sauka sai salla. Ya zo da butarsa da carbinsa da ɗan matashin da yake jingina bayansa. Tun kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya shigo za ka ji, "Na biya!" Jama'a kuma ba su da butulci. Wannan ya miƙa masa goro, wancan ƙosai, wata ta kawo fura a kwanon sha. Kafin sati ya zagayo kumatunsa sun ciko, an fara kiransa Alhaji, mutumin da bai taɓa wuce Wudil ba.

Labari ya kai Daurawa, ya kai Unguwar Gano. Kati ya daina sayuwa, don wane mahaukaci ne zai sayi abin da Alhaji Tanko ya riga ya saya wa kowa? Har waɗanda ba inda za su suka fara shiga shan iska, su je asibiti su dawo, su sake komawa. 'Yan acaɓa da direbobin haya, da aka kwashe musu fasinja, in mun wuce sai su bi mu da ihu, "Motar sadaka! A sa mu a addu'a!"

Da la'asar Lawan ya girgiza gwangwani. Abu ɗaya ya yi ƙara a ciki, da aka zazzage, botin riga ne.

"Manaja, motar nan fa ba ta shan 'na biya'. Mai take sha."

Na ce masa, "Ƙasimu, ka janye dokar nan mana. Ka ce kuskure ka yi."

"In ce Jidda ta yi kuskure?"

Nan ne gizo ke saƙar. Janye dokar yana nufin ya yarda ƙirƙirarta ya yi a tsaye, Ƙasimu kuwa ya gwammace a yanka shi. Sai ya sayar da rediyonsa ya sayi galan a wurin 'yan bumburutu, don lokacin gidajen mai layi ne har ba ka ganin ƙarshensa, ya kwana yana tunanin gyara.

Washegari ya busa usur sau biyu.

"An yi wa doka kwaskwarima, kamar yadda ake yi a Jidda. Daga yau kati yana biya wa wanda ya girmi mai katin kaɗai."

Ya kalle ni yana murmushi. Lissafinsa, Malam Ya'u ya girme shi, saboda haka suruki ya tsira. Baba Tanko kuwa, in ka cire limamin unguwa, ba wanda ya girme shi a faɗin Tarauni. Ranar dai gwangwani ya ɗan yi nauyi, Baba Tanko ya wuni ba goro ba fura, yana jan carbi yana kallon taga. Ƙasimu ya zo gidana da yamma ya cinye min ragowar wake yana cewa, "Kin ga aikin ilimi?"

Da gari ya waye sai ga Baba Tanko da jariri a kafaɗa, jikansa, wanda ko zama bai fara ba. An rataya wa yaron katin a wuya da zare kamar laya.

"Manaja, ka shaida, na mallaka wa jikana katin nan halak malak. Shi ne mai kati yanzu. Ni ma shi ya biya min, don na girme shi."

Ya kama ɗan hannun jaririn ya ɗaga. "Ya biya wa Inna. Ya biya wa Malam. Ya biya wa likitoci."

"Wannan ai wasa da hukuma ne!"

"Nuna min wanda bai girme shi ba a motar nan, in sauke shi da kaina."

A Ƙauyen Alu wani mahauci ya turo rago. Ƙasimu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai an biya kuɗin rago. Mahauci ya buɗe bakin ragon ya nuna masa haƙora.

"Duba da kyau, Manaja. Wallahi ya girme shi."

Aka kwashe da dariya har Lawan ya kusa hawa kan mai rake. Ragon ya shiga, ya kuma yi abin da raguna suke yi a kan farar jallabiya.

Agogonsa ma ya bi rediyo, agogon da yake cewa wani Balarabe ne ya ba shi, alhali da ni aka saya a Sabon Gari. Da kuɗin agogon suka ƙare ya je ya miƙa wa ɗan bumburutu kati, wai ya ba shi galan ya riƙa hawa mota kyauta. Ɗan bumburutu ya juya katin gaba da baya ya ce, "Ai ni ma jaririn yana biya min."

Gyara na biyu shi ne ya ƙona komai, kuma don rashin sa'a ya zaɓi safiyar da Malam Ya'u yake ciki, Huraira ma tana kujerar baya da fararen kayanta za ta aiki. Mota cike maƙil. Ƙasimu ya busa usur sau uku.

"Doka ta ƙarshe! Kati ba ya biya wa kowa sai suruki!"

Wata mata ta ce, "To kai Manaja, Malam Ya'u surukinka ne? Yaushe aka ɗaura ba a gayyace mu ba?"

"Suruki, ko wanda ake sa ran zai zama suruki!"

Innalillahi! Zancen da ake yi a zaure da murya ƙasa-ƙasa, shi ne ya yi shelarsa da usur a gaban mahauta da ɗalibai. Samarin baya suka fara tafi. Huraira ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Ya'u ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

Baba Tanko ya gyara wa jikansa zama a cinya.

"Madalla da wannan doka. Yaron nan namiji ne, in Allah ya raya shi aure zai yi. Ni ban san gidan da zai nema ba, kai ma ba ka sani ba. Saboda haka duk wanda ke motar nan, muna sa rai." Ya ɗaga hannun jaririn. "Ya biya wa surukai!"

Malam Ya'u ya ƙwanƙwasa jikin mota da sanda. "Direba, sauke ni a nan." Ba a kai ko rabin hanya ba. Ya sauka ya kama tafiya a ƙasa, dattijo mai hawan jini, bai waiwayo ba.

Da rana Huraira ta fito wurin da nake sayar da abinci, ta tarar da Ƙasimu yana cin bashin da ba a rubutawa, wato nawa.

"Ƙasimu, ka mai da ubana abin nuni a mota. Mene ne wahala a ciki? Ka karɓi kuɗin kowa, in Baba ya shigo ka biya masa daga aljihunka kamar kowane ɗan mutunci."

"Aljihu? Haba Huraira, wannan ai tsohon yayi ne. A Jidda..."

"Kar ka ƙara ce min Jidda, na roƙe ka. Da kyar na shawo kansa. Ya ce zai zo bikin ya zauna a gaba. In ya ga makulli a hannunka, to. In bai gani ba, ni ba ni da sauran bakin magana."

Ta juya ta tafi. Na ga idonta ya kawo ruwa, shi kuwa gogan cewa ya yi, "Kin ga yadda take sona?"

Ranar biki aka kafa rumfa a wani fili kusa da ƙofar asibiti. Kujeru, makaɗa, maroƙa, ɗan rediyo da na'urarsa a rataye. An ɗaure jan ƙyalle tsakanin sanduna biyu, Honarabul Rabi'u yana zaune da almakashi a faranti. Tsarin Ƙasimu shi ne motar ta taso daga Tarauni a tsanake, shi yana tsaye a ƙofa, ta zo ta tsaya gaban ƙyalle, Honarabul ya yanka, a miƙa makulli. Ya ari babbar rigar mijina. Ya sayar da jallabiyarsa ta ƙarshe ya zuba abin da ya samu a tanki. Lawan ya leƙa ya ce, "Wannan ai kurkure baki ne." Ƙasimu ya ce motar Jidda da rabin haka take zuwa Makka.

Ranar kowa yana son zuwa biki, kuma kowa suruki ne. Wasu a cinyar wasu, wasu a tsaye sun tanƙware. Ni ina tsakiya da kulolina. Jaririn an sa masa sabuwar hula.

Mun zo daidai inda ake hango rumfa, ana jin kalangu, sai motar ta yi tari, ta sake yi, ta yi shiru.

Lawan ya saki sitiyari. "Ta sha na ƙarshe."

Ƙasimu ya leƙo. "Jama'a, a taimaka a sauka a ɗan tura. Ga rumfar can."

Ba wanda ya motsa. Mutanen Kano da ba a roƙonsu turin mota, yau sai kowa ya kama kallon silin.

Tsohuwar nan ta ce, "Ɗan nan, an biya mana fa."

Baba Tanko ya ce, "Manaja, kar ka kunyata yaron nan. Ya ɗauki nauyin surukansa har ƙofa, sai ka sauke su su yi turi? A Jidda haka ake yi?"

Ƙasimu ya juyo gare ni, murya ta yi laushi. "Yaya..."

Na ce, "Katina na jikina ne, bai haɗa da turi ba."

Ya tattare babbar rigar mijina ya dire ƙasa. Yana sakin ƙofa, ƙofa ta ce ga garinku, ta faɗi a kwalta da ƙarar da har makaɗa suka tsaya. Yaran unguwa suka ɗauke ta a ka suka biyo mu. Ƙasimu ya kafa kafaɗa a bayan mota yana nishi. 'Yan acaɓa suka jeru hagu da dama suna ta danna oda, suna rakiya kamar an ɗauko amarya.

Da farko ko motsi ba ta yi ba. Can ta ɗan gusa. Ashe wurin da ɗan gangare. Ta fara tafiya, ta ƙara, ta bar Manaja a baya ya kifa da ciki. Lawan yana ta taka birki yana salati, birki yana ba shi haƙuri. Muka gangaro cikin fili a hankali, mutane suna darewa, motar ta bi ta kan jan ƙyallen ta tsinke shi da kanta, ta je ta dangwali teburin lemo ta tsaya. Honarabul yana tsaye da almakashi a hannu, ba abin yankawa.

Sai ga ƙofa ta iso a kan yara. Sai ga Manaja a guje, riga ta yage, ba hula, takalmi wari ɗaya, sak ranar da ya sauka daga jirgi.

Jama'a suka fara fitowa daga mota, suna fitowa suna ɗaga hannu. "Sai Alhaji Tanko! Sai mai biya wa talakawa!" Maroƙa, da ba su san hawa ba su san sauka ba, suka karɓe. Makaɗa suka ɗora. Matasa suka ɗaga Baba Tanko sama, shi kuma ya ɗaga jariri.

Honarabul ya ce, "Wane ne kuma Tanko?"

Aka amsa masa daga ko'ina. "Shi ke biya mana mota tun farkon wata! Bai taɓa barin talaka ya taɓa aljihu ba!"

Ƙasimu ya kutso yana haki. "Ranka ya daɗe, tsarina ne. Duk abin nan da ka gani tsarina ne."

"Tsarinka ne motata ta zo da turi, ƙofarta ta zo a ka? Ina kuɗin da ta tara?"

Lawan ya miƙa gwangwani. Honarabul ya zazzage a faranti, gaban ɗan rediyo. Botin nan ne ya faɗo, da ɓarin goro.

Honarabul ya dubi faranti, ya dubi Ƙasimu, sannan ya dubi taron da ke ihun sunan Tanko. Ɗan siyasa ne, ya san ƙuri'a in ya gan ta. Nan take fuskarsa ta washe, ya rungume Baba Tanko, ya juya wajen na'urar ɗan rediyo ya ce irin waɗannan dattawa masu kishin talaka su ne ginshiƙin dimokuraɗiyya. Ya ɗauki makulli ya danƙa masa.

A layin gaba na ga Malam Ya'u ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki sandarsa.

Kwana kaɗan aka yi wa ƙofa walda, mota ta dawo hanya. Manaja Tanko ya soke kati a ranar farko. Ya ɗauko wani ƙaton kwandasta daga Haɗeja, mai murya kamar ta injin niƙa, wanda bai san uban kowa ba a Tarauni. Tsohuwar nan ta ce, "Alhaji, yau ba ka jin nauyinmu?" Ya ce, "Ina ji ƙwarai, Inna. Wannan ne ba ya ji, kuma shi ke karɓa." Katunan kuwa, masu gyaɗa suka samu abin awo, hoton ƙanena yana kallon nesa daga cikin faranti.

Ƙasimu ya yi kwanaki bai fito ba. Da ya fito, ni ya zo ya taya ɗaukar kuloli, wai yana so ya ga Huraira ya yi mata bayanin wani sabon tsari. Muka shiga mota. Muna zama sai na ga ƙeyar Malam Ya'u a kujerar gaba. Shi ma ya gani. Kwandasta ya fara bi layi yana kaɗa yatsu.

Ƙasimu ya cusa hannu a aljihu da sauri. Na san abin da yake nema, dama ce ta ƙarshe, ya biya wa Baba da kuɗi na gaske kamar kowane ɗan mutunci. Ya zaro hannu, ba komai sai ragowar katuna.

Ya raɗa min, "Yaya, don Allah."

Wallahi na fara kwance bakin zanena, har na kama kuɗin. Amma dattijon ya riga ni. Bai ko waiwayo ba, ya miƙa hannu ta kafaɗa.

"Kwandasta, karɓi na mutum biyu. Ni da yaron can mai ɗauke da kula."

Lawan ya rage rediyo. Baba Tanko ma, da bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ƙasimu ya ce, "Na gode, Baba," da wata 'yar murya da rabon da in ji ta tun ina goya shi. Ya mayar da katunan aljihu, ya rungume kulata a ƙirji. Har muka isa ƙofar asibiti bai ambaci Jidda ba. Ni kuma da na daɗe ina roƙon Allah ya nuna min ranar da zai yi shiru, sai ga ni ina goge ido da bakin mayafi.